Kafin ka biya kuɗin gida a Garwa, kai wanda ya san gini ya duba maka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa, da rani ake yawan cinikin gidaje a Garwa, lokacin da kuɗin auduga suka shigo hannu. Da rani kuma kowane gida lafiyayye ne a ido: bango ya bushe, an shafa sabon fenti, ba ka ganin inda ruwa ya tsaya a watan Agusta. Wanda ya ga ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, ya san abin da nake nufi. Har ila yau, a kwarin kogin akwai baƙar laka wadda Fulani ke kira karal. Tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, harsashin da ba a haƙa da zurfi ba sai ya riƙa motsi tare da ita.

Mutane da yawa sun dogara da cewa idan aibi ya bayyana shari'a za ta mayar musu da kuɗinsu. A nan ɗalibai su lura. Malaman Malikiyya sun bambanta gida da sauran kayan saye, sun kasa aibinsa kashi uku. Ɗan ƙarami, ba a kula shi. Matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron ya rushe gidan, ba a warware ciniki saboda shi, sai dai a rage wa mai saye kuɗi daidai da aibin. Shaihu Khalil ya kawo wannan misali a Mukhtasar. Babban aibi kaɗai ke ba ka damar mayar da gidan. Kuma wanda ya ga aibi ya yi shiru ya biya, ya yarda ke nan. Wa zai tantance wanne ne matsakaici, wanne ne babba? Masana gini, su alƙali ke tambaya. To, tunda a ƙarshe wurinsu za a koma, me zai hana a kira su tun kuɗi na aljihu?

Sharaɗin shi ne kai ka ɗauko shi, kai ka biya shi. Ban ce dillalai macuta ba ne, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Injiniya ko gogaggen maginin da ka kawo ya hau rufi, ya ƙwanƙwasa bango, ya duba nisan masai da rijiya, ya rubuta maka abin da ya gani. Kai kuma ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya kai bara. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi wa mai shi faɗa. Laifin ɓoyewa na mai sayarwa ne, amma da hannu aka gano shi.

Sai batun takarda. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta sa titre foncier ya zama shaidar mallaka a Kamaru, kuma sayar da fili mai wannan takarda ba ya inganta sai a gaban notaire. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta tsaya matsayin waccan ba. Ka je ofishin filaye ka nemi certificat de propriété, ka ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da gidan ga banki. Mai awon filaye ya gwada duwatsun iyaka da abin da ke cikin taswira.

Idan gidan gado ne, kada ka tsaya ga babban wa shi kaɗai. Ka tambayi mata da marayu ko an raba, ko sun wakilta shi. Yawancin rigimar gida da ake kawo mana bayan sallar la'asar daga nan take farawa.

Allah ne mafi sani.