MUTANEN DUNIYA: Hans Rosenthal, marayan da ya zama muryar radiyo a Jamus

A wannan wata filinmu ya leƙa ƙasar Jamus. Zai kawo muku labarin wani ma'aikacin radiyo mai suna Hans Rosenthal. Mutum ne da miliyoyin Jamusawa suka san muryarsa. Amma da wasu mata uku talakawa ba su raba abincinsu da shi ba, da babu wanda zai ji wannan murya.

An haifi Hans a birnin Barlin ran 2 ga watan Afrilu 1925. Iyayensa Yahudawa ne. Ubansa ma'aikacin banki ne. Yana da shekara 7 Hitila ya hau mulki, a 1933. Gwamnatin Hitila ta ɗauki Yahudawa abokan gaba. Ta kore su daga aikin gwamnati, ta kore ƴaƴansu daga lakkwal, ta ƙwace dukiyarsu. Uban Hans ya rasu a 1937, uwarsa ta bi shi a 1941, duka da ciwo. Aka bar Hans da ƙanensa Gert a gidan marayu.

Lokacin nan yaƙin duniya na biyu ya riga ya tashi, tun 1939. Aka sa Hans aikin tilas. Ya yi ginar kaburbura, ya yi aikin ƙarfi a ma'aikata. A watan Oktoba 1942 aka ɗora ƙanensa Gert a jirgin ƙasa tare da wasu marayu, aka kai su Riga, can gabas, aka kashe su. Shekarar yaron 10. Kafin yaƙin ya ƙare, an kashe Yahudawa wajen miliyan 6 a ƙasashen Turai.

Hans ya gane cewa in ya tsaya, jirgi na gaba nasa ne. A watan Maris 1943 ya gudu. A unguwar Lichtenberg, gabashin Barlin, akwai wasu ƙananan garake inda talakawan birni ke shuka kayan miya. Kowace garka da ƴar bukkar katako a ciki. Can wata dattijuwa mai suna Ida Jauch take zaune. Ita ba Bayahudiya ba ce. Hans ya buga mata ƙofa, ya faɗa mata halin da yake ciki. Ta ɓoye shi a wani ɗan ɗaki bayan bukkarta, wanda bai fi rumbu faɗi ba.

A lura da abin da wannan mata ta ɗaukar wa kanta. A lokacin yaƙi ba a sayen abinci a Jamus sai da takardar rabo, kowa da nasa awo. Wanda ya ɓuya ba shi da takarda. Ke nan rabon mutum guda ne suke ci su biyu. Bayan haka, duk wanda aka kama da Bayahude a gidansa, shi ma ya shiga uku. Wata maƙwabciya, Emma Harndt, ta san asirin, ta riƙe bakinta, ta kuma taimaka. A 1944 Ida Jauch ta kwanta ciwo ta rasu. Sai wata maƙwabciyar, Maria Schönebeck, ta ɗauki Hans ta ci gaba da ɓoye shi.

Shekara 2 ya yi a ɓoye. Da rana ba ya fita, ba ya ɗaga murya. Sai jiragen yaƙi sun zo jefa bom cikin dare, kowa ya ruga rami, sannan yakan fito ya sha iska. Abokin hirarsa shi ne wani ɗan ƙaramin radiyo. A cikinsa yake jin ƙaryar da gwamnati ke yi wa Yahudawa. A cikinsa kuma yake kama tashar BBC ta Ingila, ko da yake doka ta hana sauraron tashoshin waje. Daga nan ya san inda yaƙi ya kai, ya san bai kamata ya yanke ƙauna ba. A watan Afrilu 1945 sojan Rasha suka shigo unguwar. Hans ya fito, yana da shekara 20.

Wanda ya sha irin wannan wuya, da ya bar ƙasar ba wanda zai ga laifinsa. Hans ya zauna. A 1945 ɗin ya nemi aiki a gidan radiyon Barlin, wanda ke hannun Rashawa. Ya fara daga ƙasa, yana taimakon masu shirya shiri. Ya yi aure a 1947. A 1948 ya koma tashar RIAS, wadda Amurkawa suka kafa a yammacin birnin. Nan ya samu hanyarsa: wasan tambaya da amsa, da kacici-kacici, da raha. Daga 1962 har 1980 shi ne shugaban sashen shirye-shiryen nishaɗi na tashar.

A 1961 aka gina katanga ta raba Barlin biyu, gabas da yamma. Ɗan'uwa ba ya iya ziyartar ɗan'uwansa. Amma katanga ba ta tare muryar radiyo. A 1965 Hans ya buɗe shirin kacici-kacici na ran Lahadi. Ga yadda ake yinsa: a sa kiɗi ko waƙa, a yi tambaya a kanta, amsar ta ba da harafi guda. Mai sauraro ya tara haruffan, ya haɗa kalma, ya aiko da ita a wasiƙa. Mutanen gabas, waɗanda gwamnatinsu ba ta son su saurari RIAS, su ma suna aiko da wasiƙu ta ɓoyayyar hanya. Hans ya san halin wanda aka kulle, ba shi da taga sai radiyo. Shirin ya ci gaba bayan rasuwarsa, har bayan faɗuwar katangar a 1989.

A 1971 ya fara wani shiri a talabijin mai suna Dalli Dalli, wato “maza-maza”. An yi shi sau 153, har 1986. Kuɗin da masu wasa suka ci, ana ba iyalan da wata masifa ta faɗa wa. In wasa ya yi kyau, Hans yakan daka tsalle sama, jama'a na tafi. Yawancin masu kallo ba su san abin da ya faru da shi ba.

Sai 1978 ta zo. Ranar shirin ta faɗo 9 ga watan Nuwamba. A wannan rana ce, a 1938, aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa da kantunansu a duk faɗin Jamus. Shekara 40 ke nan cif. Hans ya roƙi shugabannin tashar su ɗaga shirin zuwa wata rana. Suka ƙi. Ya yi shirin, amma ya fito cikin baƙaƙen kaya na makoki. Bayan shekara 2, a 1980, ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Ma'anar sunan littafin ita ce “Rayuwa biyu a Jamus”. A ciki ya faɗi komi: ƙanensa, ɗan ɗakin nan, da matan uku da sunayensu. Da yawa daga masu son shirinsa sai a lokacin suka san wanda yake sa su dariya.

Hans Rosenthal ya rasu a Barlin ran 10 ga watan Fabrairu 1987, da ciwon daji, yana da shekara 61. A wannan shekara aka kafa gidauniya da sunansa don taimakon mabukata. Filin da ke gaban tsohon gidan RIAS ma an sa masa sunansa.

Jama'a, matan nan uku ba su da sarauta, ba su da dukiya. Ba su san yaron da suka ɓoye zai zama wani ba. Abin da suka gani kawai, ɗan mutane ne yunwa da mutuwa ke bi. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk wanda maraya ko baƙo ya buga wa ƙofa cikin tsanani, ya tuna da Ida Jauch, wadda ta raba rabon mutum guda gida biyu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.