Ciyawa Ko Tsakuwa: Muhawarar Ƙofar Gida A Amurka

Tun daga shekarar 1999 hukumar ruwa ta kudancin jihar Nevada, a ƙasar Amurka, take biyan magidanta kuɗi domin su tuge koriyar ciyawar nan ta ado da suke shimfiɗawa a ƙofar gidajensu, su zuba duwatsu da tsakuwa, su dasa 'yan ƙananan itatuwa masu jure fari a madadinta. A shekarar 2018 ladan ya kai dala 3 a kan kowane murabba'in ƙafa guda. Mai karatu zai iya cewa wane irin almubazzaranci ne wannan, a biya mutum don ya cire ciyawa? Ni kuwa ra'ayina shi ne hukumar ta yi daidai, amma da yawa daga cikin masu karɓar shawarar sun kama rabinta ne, sun bar rabin da ya fi muhimmanci.

Ya kamata mu fara sanin asalin wannan ciyawa. Ba ɗabi'ar hamada ba ce. Al'ada ce ta manyan attajirai da 'yan sarauta na Ingila, ƙasar da yayyafi ba ya yankewa, inda mai gida kan bar fili fetal a gaban gidansa ba noma ba kiwo, don a san yana da ƙasar da ta fi ƙarfin bukatarsa, yana kuma da barorin da za su yanke masa ita da lauje. Da Edwin Budding ya ƙago injin yankan ciyawa a shekarar 1830, sai abin ya sauko wa masu matsakaicin hali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da aka gina unguwanni irin su Levittown a jihar New York, har sharaɗi aka riƙa gindaya wa mai gida cewa tilas ya riƙa aske ciyawarsa a kai a kai. Watau abin da ya fara a matsayin alfaharin mai dukiya ya koma ma'aunin mutuncin talaka: in ciyawarka ta bushe, maƙwabta su ce kai malalaci ne.

To, da wannan al'ada aka yi ƙaura zuwa Las Vegas, garin da ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba. Kano, da muke kuka da ita, takan sami ninkin wannan sau bakwai ko fiye. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da garin ke sha daga kogin Kolorado yake zuwa, ta tafkin Mead da madatsar Hoover ta tara. A nan ne lissafin yake da ban sha'awa. Ruwan da aka yi wanka ko wanki da shi a cikin gida, ana tace shi a mayar da shi tafkin, har a rubuta wa garin cewa ya biya bashi. Amma wanda aka fesa wa ciyawa, rana ce take shanye shi, ba ya dawowa. Hukumar ta ƙiyasta cewa kowane murabba'in ƙafa na ciyawa da aka cire yana tsimin galan 55 a shekara. A watan Agusta na 2021 gwamnatin tarayya ta yi shelar ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihi, a damunar 2022 kuma tafkin ya sauka zuwa wajen kashi 27 cikin 100 na cikarsa. A shekarar 2021 ɗin nan ne Nevada ta kafa doka ta hana shayar da ciyawar da ba a wasa a kanta, ba a zama a kanta, kamar ta tsakiyar tituna da ta gaban ofisoshi, ta kuma ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2026. Mai gardama a kan wannan, haƙiƙa, yana gardama ne da fari.

Sai dai akwai inda gizo yake saƙa. Mutum yakan tuge ciyawa, ya kashe famfon fesa ruwa, ya shimfiɗa leda, ya juye tifa guda ta tsakuwa, ya kafa ƙyarana biyu a tsakiya, ya ce ya gama. Ya manta cewa babbar bishiyar da ke tsaye a wurin shekara talatin, daga ruwan ciyawar nan take sha, saiwoyinta kuma sun bazu a sama-sama ne, inda danshin yake. Ba ta mutuwa nan take. Sai bayan shekara biyu ko uku a ga rassa suna bushewa daga sama, daga nan sai gatari. Ita kuwa tsakuwa, duk wanda ya taɓa taka dutse ba takalmi da azahar a watan Afrilu ya san halinta: tana haɗiye zafi da rana, ta amayar da shi da dare, a bangon ɗakin da mai gida zai kwana. Sai na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Alhali kuwa waɗanda suka fara wannan koyarwa ba haka suka ce ba. Ma'aikatan ruwa na birnin Denver da suka yaɗa ta a shekarar 1981, lambu suke nufi, mai shuke-shuken da suka dace da ƙasar, ba filin fasa dutse ba. Ita ma hukumar Nevada ba ta biyan mutum sai in shuke-shukensa za su rufe rabin filin idan sun girma, tare da siraran bututai masu ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Jihar Baden-Württemberg ta ƙasar Jamus ma, a shekarar 2020, haramta lambun tsakuwa zalla ta yi, saboda ƙudan zuma da sauran ƙwari ba su samun abin ci a ciki.

Wani zai ce ai yara suna bukatar wurin wasa, kuma ciyawa tana sanyaya iska. Gaskiya ne, shi ya sa dokar ba ta taɓa filayen wasa da na makarantu ba. Amma a tambayi mai gida sau nawa ya zauna a kan ciyawar ƙofar gidansa a bara. Sau da yawa mai injin yanka ne kaɗai yake taka ta.

Mu ma nan al'adar ta iso mu, ta unguwannin Turawan mulki da muke kira Ji'ar'e, kuma har yau za a ga mai gadi da mesa yana shayar da ciyawa a tsakiyar rani, a garin da 'yan garuwa suke layi a bakin rijiyar burtsatse. Ƙofar gidan Bahaushe ta asali ba ta san ciyawa ba. Ƙasa ce shararriya, da dakali, da darbejiya ko ceɗiya wadda, in ta kafu, ba ta neman guga ɗaya daga hannun kowa, a ƙarƙashinta kuma ake zaman gaisuwa, da ɗaurin aure, da karatun allo. Hukumar Nevada, bayan shekara ashirin da 'yan kai tana biyan kuɗin tuge ciyawa, daga baya sai da ta ƙara wani ladan daban, dala 100 a kan kowace bishiyar da mai gida ya dasa a filin da ya tuge.