Bashin korona: masu rabo su fara ba da lissafi

Bankin NIRSAL na cire kuɗi daga asusun waɗanda suka ci bashin korona ne bisa wata ƙa'ida ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a ranar 1 ga Agustan 2020. Ƙa'idar ta ba bankin da ke bin bashi ikon bin sawun lambar BVN ta wanda ya gaza biya, ya kwashe abin da ya tarar a duk asusun da ke ɗauke da lambar, ko a wane banki yake. Ba ruwanta da ko kuɗin na mai asusun ne, ko na adashi ne da aka ba shi ajiya, ko kafin alƙalami ne da wani ya tura wa tela don ɗinkin salla. Kuɗi na shiga, alat ɗin cira na biyo baya. Matsayin wannan jarida shi ne a dakatar da wannan cira daga asusun magidanta da masu ƙananan sana'o'i, har sai gwamnatin tarayya da ta jihohi sun buga cikakken lissafin abin da suka karɓa da sunan annobar da kuma inda ya tafi.

An ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris na 2020. Kano ta bi sahu a tsakiyar Afrilu, ana dab da kama azumi, aka garƙame Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa. Ɗan dako da ɗan ga-ruwa da mai shayi da ɗan adaidaita sahu, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, aka ce su zauna a gida. A makonni biyun farko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ƙirga mutum 18 da jami'an tsaro suka kashe wajen tilasta dokar, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. Gwamnatin da ta hana mutum fita neman abinci da bakin bindiga ta ɗora wa kanta nauyin ciyar da shi, kuma ta amsa hakan da bakinta a jawaban shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari.

Kuɗi kuwa sun shigo. A ƙarshen Afrilu Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Najeriya rancen gaggawa na dala biliyan 3.4. Gamayyar 'yan kasuwa da bankuna ta CACOVID, wadda Aliko Ɗangote da marigayi Herbert Wigwe da gwamnan Babban Banki na lokacin Godwin Emefiele suka jagoranta, ta tara kimanin naira biliyan 39. A watan Yuni majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 da kwamitin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya tsara. A watan Disamba Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES. An kuma ba da umarnin fitar da hatsi tan 70,000 daga rumbunan gwamnati.

Rabon tsabar kuɗi shi ne ya fara tona asirin tsarin. Naira 20,000 da ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta soma rabawa a Kwali, gaban kyamara da damman sababbin takardun kuɗi a kan tebur, alawus ne na naira 5,000 a wata da masu karɓar suka saba samu, aka haɗa na wata huɗu. Rajistar marasa galihu tana ɗauke da gidaje miliyan 2.6, shugaban ƙasa ya ce a ƙara miliyan ɗaya, kuma ba duk wanda ke cikinta ke karɓar kuɗi ba. A watan Mayun shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna mutum miliyan 82.9 na cikin talauci, ban da jihar Borno da ba a iya ƙirgawa ba, kuma a Sakkwato da Taraba da Jigawa talakawa sun kai kashi 87 cikin 100. Ko da an ɗauka kowane gida a rajistar na da mutum biyar, jimlar ba ta kai rubu'in matalautan ƙasar ba. Shugabannin majalisun tarayya biyu na lokacin, Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila, waɗanda jam'iyyarsu ɗaya da gwamnati, sun soki tsarin a gaban ministar tun farkon Afrilu. Da matsin ya yi yawa sai aka ce za a gano talakan birni ta hanyar BVN, a duba mai naira 5,000 ko ƙasa da haka a asusunsa, da mai sa katin waya na naira 100. Jama'ar gari sun yi ta jiran alat har aka janye kulle. Lambar da ta yi wa gwamnati wuyar bi a ranar bayarwa ita ce yau take aiki cikin daƙiƙa a ranar karɓa.

Batun abinci ya fi muni. CACOVID ta ce ta kashe kimanin naira biliyan 23 wajen sayen shinkafa da taliya da sukari da gishiri da garin rogo ko na masara, don mutum miliyan goma a faɗin ƙasar, ta miƙa wa gwamnatocin jihohi su raba. Tun kafin wannan, jihar Oyo ta mayar da buhu 1,800 na shinkafar da hukumar kwastam ta aika mata, ta ce ƙwari sun cinye ta. A Kano hukumar karɓar koke da yaƙi da rashawa ta jihar ta kama shugaban wata ƙaramar hukuma bisa zargin karkatar da kayan tallafi. Sai a watan Oktoba, a cikin ruɗanin zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa sito a Maza Maza ta Legas, daga nan wasoson ya zarce Ede da Ilorin da Kalaba da Bukuru da Kaduna da Jalingo da Yola da Lokoja da Gwagwalada. Buhuna ne jibge har rufi, da tambarin CACOVID da rubutun cewa ba na sayarwa ba ne, watanni bayan an janye kulle. A Ikorodu an tarar da irin kayan a gidan wani ɗan majalisar jiha, ya ce dama a ranar bikin zagayowar haihuwarsa ya shirya rabawa. Ƙungiyar Gwamnoni ta ce ba ɓoyewa aka yi ba, wasu kayan ba su gama isowa ba ne, wasu kuma tanadi ne don zagaye na biyu na annobar. Aka sa dokar hana fita, a Adamawa aka ba mutane wa'adin sa'o'i 12 su mayar da abin da suka ɗiba, aka bi gida gida, aka cika ofisoshin 'yan sanda da matasa. Wasoso laifi ne, kuma rayuka sun salwanta a turmutsitsin. Amma hanzarin da aka nuna wajen ƙwato katan ɗin taliya daga hannun ɗan unguwa ba a nuna rabinsa ba wajen tambayar wanda ya riƙe makullin sito.

Ciyar da ɗalibai alhali makarantu na rufe ma'aikatar jinƙai ta ce ya ci sama da naira miliyan 500 a Abuja da Legas da Ogun. A wani batun dabam, shugaban hukumar ICPC na lokacin, Bolaji Owasanoye, ya bayyana a watan Satumbar 2020 cewa naira biliyan 2.67 da aka tura wa wasu kwalejojin gwamnatin tarayya don abincin ɗalibai a lokacin kulle sun ƙare a asusun wasu mutane. Ga kuma gobarar da ta tashi a ofishin Akanta-Janar na Tarayya a ranar 8 ga Afrilun shekarar, wadda gwamnati ta ce ba ta taɓa takarda ko ɗaya ba. In haka ne, babu uzurin ƙin buga lissafi.

Tallafin ƙananan masana'antu na naira biliyan 75 ya ɗan fi tsari. An biya ma'aikatan wasu kamfanoni da malaman makarantu masu zaman kansu naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku, an ba masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000 sau ɗaya, an yi wa sunayen kasuwanci 250,000 rajista kyauta. Sai dai sharaɗin biyan albashin shi ne kamfani ya kasance da rajista da asusun banki, ya kuma cike fom ta intanet, abin da ya fitar da akasarin 'yan kasuwar Arewa tun daga bakin ƙofa. Shirin ɗaukar mutum 774,000 aiki, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma a kan naira 20,000 a wata, an fi tunawa da shi saboda cacar bakin da aka yi tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin Festus Keyamo da 'yan majalisa kan wanda zai zaɓi masu cin gajiyarsa.

Wanda ya rasa duk waɗannan, ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce ta bashi. Babban Banki ya buɗe shirin bashin korona ta hannun bankin NIRSAL a watan Maris na 2020 da naira biliyan 50, magidanci zai iya neman har naira miliyan 3, ƙaramin kamfani har miliyan 25, a kan ruwan kashi 5 cikin 100 da aka tsara zai koma kashi 9 daga baya. Sai bayan an yi ta ƙorafi aka buɗe tsarin da babu ruwa a cikinsa, duk da an san matsayin miliyoyin Musulmi a kan riba tun kafin a rubuta sharuɗɗan. Alƙaluman Babban Banki sun nuna an raba sama da naira biliyan 400 ga masu nema kusan 800,000, kuma zuwa Satumbar 2023 abin da wa'adin biyansa ya wuce ya haura biliyan 260. A ƙasashe masu ƙarfi kyauta aka yi: Amurka ta aika wa manya dala 1,200 kowanne a zagayen farko, Birtaniya ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida. Najeriya ba ta da irin aljihunsu, amma ita ta zaɓi ta ba magidanci rance ya sayi abinci, kuma kuɗin da aka ci a tukunya ba sa haifar da ribar da za a biya bashi da ita.

Yadda aka raba bashin ma abin bincike ne. Dillalai sun cika shagunan intanet suna karɓar BVN da lambar waya da hoton mutane, suna cike musu fom a kan kamasho. Koke ya yi yawa na waɗanda aka ce musu kyauta ce daga gwamnati, da waɗanda dillali ya yanki kaso mai tsoka kafin kuɗin su iso hannunsu, da masu rantsuwar cewa ba su san an ci bashi da sunansu ba sai ranar da aka fara cira. Bankin NIRSAL da kansa ya sha fitar da gargaɗi kan 'yan damfara, ya kuma sha nanata cewa rance ne ba kyauta ba. Wanda ya ga buƙatar nanata wannan ya san akwai ɓaraka, don haka bai kamata ya ɗauki kowane suna da ke cikin kwamfutarsa a matsayin shaidar da ba ta da ja ba.

Masu kare cirar na cewa kuɗin jama'a ne, wanda ya sa hannu ya biya, kuma yafewa zalunci ne ga waɗanda suka matse suka sauke nasu. Akwai gaskiya a ciki, sai dai da ta fi nauyi in da ana aiki da ita a sama kamar yadda ake yi a ƙasa. Hukumar AMCON ta daɗe tana faɗin cewa mutane da kamfanoni 350 ne ke riƙe da mafi yawan bashin tiriliyoyin nairori da take bi, kuma shari'o'insu na jan ƙafa a kotuna shekara da shekaru. Su suna da lauyoyi. Mai kanti a Kurna ko Tudun Wada, wanda canjin kuɗi na farkon 2023 ya tsayar masa da ciniki, cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ninka masa kuɗin dakon kaya, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 ta cinye masa jari, shi ne ake shiga asusunsa ba sallama.

Abin da ya biyo bayan annobar ya nuna ba a gyara komai ba. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni suka cika, ta ce rajistar marasa galihu ba abin dogaro ba ce, wato rajistar da aka kafa hujja da ita a 2020. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585, hukumar EFCC ta yi wa wadda ta gabace ta, Sadiya Umar Farouq, tambayoyi kan zargin biliyan 37, aka tsayar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya na wani lokaci. A watan Maris na shekarar aka sake fasa rumbun gwamnati a Gwagwa ta Abuja. A ƙarshen Afrilun 2025 Najeriya ta kammala biyan uwar kuɗin rancen dala biliyan 3.4, daga baitulmalin da wanda ya samu tallafi da wanda bai samu ba duk suke zuba haraji a ciki. An biya mai bin bashi na waje daidai wa daida, 'yan ƙasa kuwa har yau ba a nuna musu rasit ba.

Lissafin da wannan jarida ke nema ba jimlar kuɗi ba ce a takardar manema labarai. Kowace jiha ta buga adadin buhunan da ta karɓa, da ranar da suka iso, da ranar da aka raba, da mazaɓar da aka kai su, da jami'in da ya sa hannu. Babban Banki da bankin NIRSAL su fitar da rabon bashin ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a ware na magidanta da na kamfanoni, a bayyana sunayen kamfanonin da suka karɓi miliyoyi suka ƙi biya, waɗanda su babu dalilin sassauta musu. A buɗe teburin karɓar koke a kowace jiha, inda mai cewa an yi amfani da BVN ɗinsa zai ga asusun da kuɗin suka fara sauka da inda suka zarce, tunda duk wannan na cikin kundin bankuna. Magidancin da aka tabbatar ya karɓa ya ci a lokacin kulle a yafe masa ruwan, a tsawaita masa wa'adin uwar kuɗin. Sashe na 85 na tsarin mulki ya ba Odita-Janar na Tarayya ikon binciken asusun gwamnati, sashe na 125 ya ba takwarorinsa na jihohi, sashe na 88 ya ba majalisun tarayya ikon binciken duk wanda ya kashe kuɗin da suka ware, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowace hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Har zuwa ranar da za a yi aiki da waɗannan sassa a buga sakamakon, Babban Banki ya umarci bankin NIRSAL ya tsayar da cirar.