Daga Teburin POS Zuwa Ofis: A Karɓi Ragin Albashi?

 A wannan makon wasiƙa muka samu daga wani matashi ɗan Yammedi, a ƙaramar hukumar Karaye. Ya yi difloma a ilimin kwamfuta, aiki bai samu ba, sai ya kafa teburin POS da cajin waya. Allah ya sa wa abin albarka, har shi ke saya wa mahaifinsa taki idan damina ta faɗi. Yanzu wani ƙaramin kamfani a Kano, mai haɗa wa makarantu da ofisoshi kwamfutoci da intanet, ya ce zai ɗauke shi, amma albashin bai kai rabin abin da yake samu ba. Ya tafi ko ya zauna?

Mu fara da lissafi, domin ragin da ya gani a takarda ba shi ke nan ba. A gida ɗaki na gidansu ne, tuwo daga rumbu yake fitowa. A Kano kuwa akwai haya, akwai cefane, ga kuɗin adaidaita sahu da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Kada kuma ya dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, domin dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma irin waɗannan kamfanoni galibinsu ba su kai ba. Idan ba shi da ɗan'uwan da zai sauka a wurinsa, zai iya ƙare wata da bashi.

Duk da haka ba mu ce masa ya yi watsi da tayin ba. Teburin POS, wanda ya shekara 5 a kansa da wanda ya fara jiya kusan abu ɗaya suka iya, kuma kullum sabon tebur ake kafawa kusa da naka. Aikin kwamfuta ba haka yake ba. Masu ɗaukar ma'aikata tambayarsu ɗaya ce: a ina ka taɓa yi? Difloma ba ta amsa wannan tambaya.

Mu a nan koyon sana'a ba baƙonmu ba ne. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre ku ga yara a gaban masu gyara: kuɗin abinci kawai ake ba su, ba mai cewa an cuce su, saboda kowa ya san hannunsu na kan aiki, maigida na duba su, kuma ranar sallama na tafe. Ragin albashi ma kuɗin makaranta ne, sai dai a ofis babu sallama. Sallamarka ita ce abin da ka iya da kuma takardar shaidar da za a rubuta maka. Saboda haka kafin ya amsa, ya tambaya: a ƙarƙashin wa zan yi aiki, kuma ya iya? Za a bar ni in ja waya, in saita na'urar rarraba intanet, in gano matsala da kaina? Ko kuwa hoton takardu da aike zuwa banki ne aikina? Mun san waɗanda suka shekara 2 a ofis da sunan “mai kwamfuta”, suka fito ba su ƙaru da komai ba sai iya canza tawadar firinta. Wannan ba koyo ba ne, arhar ma'aikaci aka samu.

Akwai kuma hanyar da ba sai an bar gida ba. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 na horar da matasa kyauta, Cisco ma na da darussan farko na kyauta a intanet. Suna da amfani, amma darasi a waya bai kai ranar da intanet ta ɗauke a makaranta ana tsakiyar jarrabawa, kowa ya zuba maka ido ba.

Ga abin da muka rubuta masa. Kada ya sayar da teburin. Ya damƙa wa ƙaninsa, su yi yarjejeniyar rabon riba a gaban mahaifinsu, don kuɗin taki kada ya yanke. Ya nemi a rubuta masa aikinsa da albashinsa a takarda, da alkawarin sake duba albashin bayan wata 6. Ya buɗe littafi yana rubuta duk aikin da ya yi da hannunsa, da kwanan wata. Idan wata 6 suka cika littafin bai cika shafi biyu ba, ya tattaro kayansa. Kuma in da hali, ya roƙi kamfanin ya fara bayan girbi, lokacin da rumbu ke cike kuma gida bai dogara da aljihunsa ba.

Ya ce zai shawarci mahaifinsa ranar Juma'a. Wanda ya taɓa bin wannan hanya daga Karaye ko Rogo, ya rubuto mana yadda ta kaya da shi.