Dutsen Zinariya Ba Kayan Cikin Gida Ba Ne

Ina roƙon 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu su ara mini hankalinsu, in yi magana a kan wani abu da ya hana ni sukuni tun da muka dawo daga hutu.

Da na je gida hutun nan, sai na tarar da buhuna uku jingine a gindin rumbunmu. Na ɗauka hatsi ne, ashe duwatsu ne Kawu ya kawo daga ramin da suke haƙar zinariya. Da la'asar aka zuba su a turmi ana dakawa, ƙura ta turnuƙe, ga kuma ƙanena ɗan wata 10 yana rarrafe a wurin, yana ɗiban ƙasa yana kaiwa baki. Nan take gabana ya faɗi, domin kuwa malaminmu na kimiyya ya taɓa ba mu labarin abin da ya auku a Jihar Zamfara.

A cikin shekarar 2010, a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma, mutane suka ga agwaginsu suna ta mutuwa. Ba a jima ba sai yara ƙanana suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga, ana ta binne su. Da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jinin yaran, sai aka tarar gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

To, ina dalma ta fito? Dutsen zinariyar wannan yanki yana haɗe da dalma mai yawa. Da zinariya ta yi tsada, sai mutane suka riƙa kwaso shi zuwa cikin gari, ana niƙawa da irin injin niƙan hatsi, ana dakawa ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ta hau tufafi da abinci. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 su suka fi cutuwa, saboda kullum hannunsu yana baki, kuma jikinsu ya fi na manya saurin tsotse gubar. Wanda ya tsira ma yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa, karatu ya yi masa wuya, wani har ya makance.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, dalma ba ta ruɓewa kamar shara. In ta shiga ƙasa tana nan shekara da shekaru. A Zamfara sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka kai rami aka binne, aka zuba sabuwa, sa'an nan maganin da ake ba yara ya yi amfani, don banza ne a wanke jinin yaro a mai da shi cikin gubar. Mutanen Bagega kuwa sai a 2013 aka share musu garinsu. Har ila yau a 2015 irin wannan masifa ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Da dare na durƙusa na gaya wa Kawu duk wannan. Ya ce, "Kai yaro, da kuɗin dutsen nan aka biya maka kuɗin mota da na sabulu. Mu bari mu ci me?" Gaskiya ya faɗa, kuma ban da ta cewa a nan. Noman damina ɗaya ba ya riƙe gida, saboda haka ni ban ce a daina haƙa ba. Na kuma yarda ba kowane dutse ne ke da dalma ba, amma fa ido ba ya iya bambance mai ita da marar ita.

Ni dai a ganina, a bar dutse a daji. A yi niƙa da wanki can nesa da gari da rijiya, a jiƙa dutsen don kada ƙura ta tashi. Mai haƙa ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa. Turmin dutse kada ya koma na abinci, kuma kada a sa yara wannan aiki. Gwamnati ta keɓe wuraren niƙa, ta riƙa auna jinin yara a garuruwan masu haƙa. Hakimai da dagatai da limamai su ma su sa baki, don an fi jin maganarsu.

Kafin in dawo makaranta Kawu ya kwashe buhunan ya kai bayan gari, Inna kuma ta jingine turmin ta daina daka a ciki. Amma ƙurar da ta riga ta zuba tana nan a inda ƙanena yake wasa, kuma ita nake tunawa kullum in na kwanta a ɗakin kwananmu.

'Yan'uwana, iyayenmu sun turo mu nan ne don mu koma musu da abin amfani. In an yi hutu kowa ya duba tsakar gidansu, in ya ga irin buhunan nan ya yi magana cikin ladabi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da ƙannenmu, amin.