Gangare ma da kuɗinsa

A wannan mako filinmu zai leƙa Amurka, jihar Washinton, inda ake wani gudun famfalaki da ya jawo gardama tsakanin ma'abuta tsere.

Tsawon gudun famfalaki dai ba ya sakewa ko'ina cikin duniya: kilomita 42 da mita 195. Hanya ce ke bambanta. Ita wannan ta tashi ne daga wani wuri da ake kira Hyak, bisa duwatsun Kaskad, ta gangara wajen garin North Bend, gabas da birnin Siyatil. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce ta kamfanin Milwaukee Road, wadda aka daina aiki da ita a 1980, aka kwashe ƙarafan, aka bar tsakuwa. Da yake jirgi ba ya son tudu mai tsini, gangaren a hankali yake, amma bai yankewa: wajen mita 600 daga farko zuwa ƙarshe, wato kusan mita 14 cikin kowace kilomita. Ana tashi kuwa sai a faɗa ramin da aka huda cikin dutse, aka gama shi a 1914, mai tsawon kilomita 3 da mita 700. Duhu ne ƙirin, ga sanyi, ga ruwa na ɗiga daga sama. Kowa da fitilarsa ɗaure a goshi, agogon nan mai auna tafiya ta tauraron ɗan Adam kuma ya rikice, sai mutum ya dogara da numfashinsa har ya hango haske.

Me ke kai mutane can? Boston. Gudun birnin Boston, wanda aka soma tun 1897, galibi ba a shigarsa sai da shaidar lokaci. Namiji mai shekara 18 zuwa 34, alal misali, tun daga gasar 2026 sai ya nuna ya gama wani gudun cikin awa 2 da minti 55. Ko ya cika ma ba shi ke nan ba, don masu nema sun fi gurabe yawa. A gasar 2025 sai wanda ya rage minti 6 da daƙiƙa 51 bisa lokacin da aka yanka masa ya samu shiga, aka mayar da mutum fiye da dubu 12 waɗanda suka cika sharaɗi. Wanda minti uku ya hana shi, ina laifinsa in ya nemi gangare?

Sai dai duk wanda ya taɓa zama gaban babbar mota mai lodi ya san abin da direba ke tsoro. Hawa yana cin mai, sauka kuwa birki take ci. Haka jikin ɗan Adam yake. A gangare zuciya da huhu suna samun sauƙi, amma naman gaban cinya shi ne birkin: kowane taku yana miƙewa alhali yana riƙe da nauyin jiki, zarurrukansa suna ɗan tsattsagewa. Mai gudu ba ya ji da fari. Yana duba agogo yana murna, har wajen kilomita 30, inda ƙafafu ke zama kamar itace, numfashi na nan daram amma babu abin takawa. Ciwon na sosai kuwa sai kwana ɗaya zuwa uku bayan nan, ranar da sauka daga matakala ke zama aiki.

Maganin yana cikin shiri. Masana sun lura cewa naman da ya sha wannan wuya sau ɗaya yakan jure ta gaba har makonni da dama. Don haka mai hankali yakan sa gudun gangare cikin horonsa tun da watanni, kaɗan-kaɗan, ya haɗa da tsuguno da miƙewa don ƙarfafa cinya, ya kuma saba da tsakuwa. Taku gajere ne, da sauri, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki; wanda ya jingina baya yana dira da diddige can gaba, gwiwarsa ce za ta biya. Takalmi ya ɗan fi ƙafa, a ɗaure shi tam, in ba haka ba yatsu su yi ta bugun gaba har farce ya yi baƙi ya fita. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe kai a rabin farko, lokacin da hanya ke ta tura mutum.

Hukumar wasannin guje-guje ta duniya tun tuni ta ƙi lissafa bajintar duniya a hanyar da ta sauka fiye da mita ɗaya cikin kilomita. A 2025 masu shirya gudun Boston su ma suka sanar da nasu hukunci: daga gasar 2027, hanyar da ta sauka daga mita 457 zuwa 914 za a ƙara wa mai ita minti 5, wadda ta wuce haka minti 10, wadda ta kai mita 1,829 kuma ba a karɓarta sam. Hanyar Hyak ta faɗa kashin farko.

A ganina hukuncin ya yi daidai, don wanda ya yi gumi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bai kamata a ture shi ba. Amma abin da ke ba ni dariya, ita Boston ɗin da kanta gangare ce, ta sauka wajen mita 140. A 2011 Geoffrey Mutai na Kenya ya gama ta cikin awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2, lokacin da babu wanda ya taɓa yin irinsa a duniya, hukuma ta ce ba ta lissafa shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.