Wa Ya Ba Kura Ajiyar Nama?

Har yau akwai masu cewa abin da ya faru a tashar nukiliya ta Fukushima ƙaddara ce kawai. Ban yarda ba. Girgizar ƙasa da ambaliyar tekun 11 ga Maris 2011 daga Allah suke, amma sakacin na mutane ne.

Tun 2008 binciken cikin gida na TEPCO, kamfanin da ke da tashar, ya nuna igiyar ruwa mai tsayin mita 15.7 na iya afka mata. Ba a ƙara tsayin katanga ba, ba a ɗauke janaretocin ko-ta-kwana daga ƙarƙashin gini ba. Da ruwa ya cinye su, sanyaya ta tsaya, makamashin tukwane uku ya narke, mutane fiye da 100,000 suka bar gidajensu.

To ina hukumar sa ido? A lokacin, NISA tana ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arziki da masana'antu, wadda ita ce mai tallata nukiliyar. Wa zai tsawata wa ubangidansa? A 2012 kwamitin binciken majalisar dokokin Japan ya ɗora laifin kan haɗin bakin gwamnati da hukumar da kamfanin. A shekarar aka rushe NISA, aka kafa hukuma mai cin gashin kanta. Ihu bayan hari.

Nijeriya ta sa hannu da Rosatom a 2017 kan gina tashar nukiliya. Kafin a aza tubali, a gaya mana: mai sa idon namu, wa ke naɗa shi, wa ke biyansa, kuma idan ya ce a rufe, wa zai iya korarsa?